Ƙauyen da Idi Sarƙa Ya Ɓoye

"Ka ji za a tashi mutanen Gidan Ƙasimu?"

"Da gero a gona? Su tafi ina?"

"Gandun daji za a yi. An duba tsohuwar taswira, wai ba gari a wurin."

"To, ashe kakanninsu a kan kuka suka yi ta kwana."

Aka kwashe da dariya a bakin Ƙofar Kuyambana. Mutum ɗaya ne bai yi ba, Malam Idi mai tufkar igiya, wanda mutanen unguwar Kwarbai ke kira Idi Sarƙa.

Sunan ya samo asali shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce, lokacin da yake ja wa Baturen safiyo, mai awon ƙasa, sarƙar awo. Idi na gaba yana faɗin sunan kowane rafi da tudu, Bature na baya yana zanawa. Tun daga nan, in rigimar iyakar gona ta tashi, shi ake nema. Ana cewa Idi bai taɓa karkata ko taku ɗaya ba, shi ma kuwa yakan faɗa da bakinsa.

Akwai abin da bai taɓa faɗa ba. A shekarar awon ana ɗiban maza aikin hanyar jirgi, kuma a ganinsa duk ƙauyen da ya shiga takarda sai an je an ɗiba. Ranar da suka doshi Gidan Ƙasimu, mahaifarsa, ya hango hayaƙin gidan ubansa. Sai ya ce wa Bature gaba fadama ce mai haɗiye doki, ya zagaya da shi ta bayan dutse. Bature ya rubuta daji. Ko mutum ɗaya ba a ɗauka ba.

Kwana biyu da hirar bakin ƙofa, ƙanwarsa Hajara ta zo daga ƙauyen a ƙasa, ta ƙi ko shan ruwa.

"Yaya, ba kai ka ja sarƙar ba? Yaya aka yi ba mu a ciki?"

Idi ya ci gaba da murza rama a cinya, igiyar tana warwarewa.

Washegari ya tafi ofishin safiyo wurin Malam Yona, akawu mutumin Wusasa. Yona ya shimfiɗa taswirar, duk ta yi ja, gara ta ci gefenta. Idi bai iya boko ba, amma ya gane dutsen, ya ɗora yatsa a kan farin wurin da ya kamata a ga ƙauyen.

"Malam, in mutum ya yi wa Bature ƙarya tun da daɗewa, ɗaure shi za a yi?"

"Ban sani ba, Baba. Amma a birni za a ji."

Idi ya ɗauke yatsansa daga kan taswirar.

"To, ɗauki alƙalami. Rubuta ni na karkatar da awon. Sa'an nan don Allah ka roƙar mini a tafi da ni wurin kafin a kafa turakun iyaka, in nuna musu rijiya da kushewar ubana."