Farantin Kan Bai Zahari

Kun taɓa ganin mutumin da aka ƙera wa faranti daidai da tsakar kansa?

To Bai Zahari ne na nan garin Burgas, Bai ɗin nan girmamawa ce kamar ka ce Baba, duk wanda ya taɓa bi ta lambun bakin teku da rani ya san shi, tsohon nan siriri mai keke mai taya ɗaya, keken ma dogo ya fi mutum tsayi, sai ya jingina shi da sandar fitila ya taka benci sannan ya iya hayewa sirdi. Wasansa guda ɗaya ne tal shekara hamsin. Yana can sama ƙafa ɗaya a kan feda yana kai da komo, sai ya ɗora ɗan faranti a kan ɗaya ƙafar ya cilla shi sama ya sauka a kansa, sai kofi, sai faranti, sai kofi, haka har shida shida, sannan cokali ya faɗa cikin kofin ƙarshe, sannan ƙwayar sukari. In sukarin nan ya ce tik a cikin kofi har masu sayar da masara sai sun bar wutarsu sun tafa.

A cikin motar 'yan wasan tanti aka haife shi, uwarsa mai tafiya a kan igiya ce, ubansa kuma wannan wasan na kofuna yake yi, shi ma a wajen nasa uban ya koya. Al'adar gidansu ita ce in yaro ya kai sha biyu sai a aske masa tsakar kai ƙwal, uban ya ɗauko farantin ƙarfe da ƙaramar guduma ya riƙa bugu yana gwadawa a kan yaron yana bugu yana gwadawa har sai gindin farantin ya zauna daram, shi ne farantin farko, a kansa duk sauran suke hawa, kuma ba ya zama a kan kowa sai mai shi. Kwana uku uban Zahari ya yi yana bugun farantin ɗansa. Ya kuma koya masa abu ɗaya da dorina, wai in za ka faɗi ka tare kofuna, ƙashi yana ɗoruwa amma kofin da ya lotse ya tashi aiki. Zahari ya sha faɗuwa yana yaro, duk ranar da kofi ya taɓa ƙasa kafin shi ranar ba abincin dare, har abin ya zauna masa a hannu ba sai ya yi tunani ba.

Ya zaga ƙasashe da tantin nan, yana da hotuna cike da akwati. Da gwamnati ta canza aka naɗe tanti aka sayar da dawakai kowa ya kama gabansa, wani ya koma gadi wani direba, shi kuwa ya ɗauki kekensa ya zo lambu. Matarsa Ginka, wadda da take ɗinka wa 'yan wasa kaya, ta koma rage tsawon wandunan mutane a ɗakinsu na hawa na huɗu. Ba su da ɗa ba su da jika. Ita ke wanke masa kofuna kullum da yamma ta goge ta jera a taga.

Bara cikin watan takwas ya yi faɗuwar farko. Wani kare ne ya tsinke daga hannun mai shi ya shiga ƙarƙashin taya. Kwana tara a asibiti. Likita ta ɗaga hoton ƙoƙon kansa a gaban haske ta nuna wa Ginka tsagar, ta ce wurin ya zama kamar ɓawon ƙwai, in ya ƙara buguwa ko dai a binne shi ko kuma a dawo mata da wani mutum da ba ta sani ba. Ta ce ya bar keke. Bai Zahari ya ce ta bar likitanci. Sai ta ce to in ya zama dole kada ya kuskura ya hau ba hular kwano.

Ranar da aka sallame shi Ginka ta je shagon kekuna ta dawo da hula ja mai ramuka, ta sa masa da hannunta ta ɗaure maɗaurin a haɓa ta ja baya ta dube shi ta ce ya yi kyau. Ya duba madubi ya ce ya yi kama da mai kai wa mutane abinci a babur. Ta ce masu kai abinci suna komawa gida da ƙafarsu. Ta kai shi gaban hoton Waliyyi Nikola da ke kusurwar ɗaki ta sa shi ya yi alkawari, ya yi, ya sumbaci hoton ma.

Kuma fa ya gwada, kar wani ya ce bai gwada ba. Sati biyu yana bayan gidansu wajen igiyoyin shanya yana cilla faranti yana zamewa, saboda bayan hular a kumbure yake ga santsi. Ya kankare, bai yi ba. Ya manna farantin da gam a saman hular, sai ga wata matsalar da ko shi bai taɓa sanin tana nan ba, ashe duk shekarun nan fatar kansa ce take gaya masa in kofuna sun fara karkata, da hula kuwa sai ya zama kamar an ce ka yi ɗinki da safar hannu ta hunturu, ba ya jin komai sai dai ya ji ƙarar kofuna a ƙasa. A kofi na uku suke zubewa kullum. Ya ɓamɓare farantin ya zauna ya goge gam ɗin da ƙusar yatsa.

Ya fita lambu da hular ya yi wasa da ƙwallaye uku kamar ɗan koyo. Mutane su ɗan tsaya su wuce. Abokinsa Bai Lalyo, mai gasa masara a gefen sandar fitilar nan shekara ashirin, kullum sai ya tsokane shi, ya ce ga tumatir ya hau keke, ko ya tambaye shi ina abincin da ya yi oda tun safe. Zahari ya ce masa masararsa ta fi takalmin soja tauri. Haka suke tun da can, amma yanzu Zahari in ya mayar da magana ba ya dariya. Wata mata ta zo da jikanta tun daga wani gari ta ce tana yarinya ta ga mai kofuna a tanti, ko ya san inda yake ko ya rasu. Ya ce mata ya rasu.

Ranar ya sauko ya zauna a benci har masara ta ƙare. Sannan ya tambayi Lalyo wasan kofuna minti nawa ne. Lalyo ya ce bai taɓa dubawa ba. Zahari ya ce uku, minti uku ne kacal, sauran awa biyar duk yana cikin hula.

"In Ginka ta ji ni za ta gasa a wutar nan," in ji Lalyo.

"Kai dai ka cafe in na jefo."

Shi kenan aka fara. Ginka ta ɗaure masa da safe, ya hau da ita ya zaga da ita, in jama'a sun taru ya kwance ya jefa wa Lalyo ya fito da faranti daga aljihun riga. Har ya zama kamar cikin wasan ne, mutane suna ihu in hular ta tashi sama. Kofuna suka dawo, ya dawo cin abinci, ya dawo waƙa a banɗaki. Kafin ya hau bene sai ya tsaya ya mayar da hular ya ɗaure.

Ginka ba yarinya ba ce. Wata safiya ta tura ƙofar banɗaki ta same shi da reza a tsakar kai.

"Wa kake yi wa aski, hular?"

Ya ce zafi ne. Ta ce watan sha ɗaya ake ciki. Ya ci gaba da aski bai juyo ba, ita ma ba ta tafi ba, tana kallonsa ta madubi. Ta ce shekara arba'in da uku tana tsayawa a bayan labule tana riƙe numfashi har sukari ya faɗa, ba ta taɓa ce masa ya bari ba ko sau ɗaya, abu ɗaya ta roƙa a duk zamansu. Ya ce in yana cikin hular nan ji yake kamar an riga an rufe shi da murfi.

"Ni kuma in ka faɗi wa zai ɗaga ka, tsoho? Hawa huɗu ne, ba mu da kowa."

Ya ajiye reza. Ta ɗauko hular ta sa masa a kan jiƙaƙƙen kai ta ɗaure kamar kullum.

Ran shida ga watan sha biyu ranar Waliyyi Nikola ce, bikin gari, kowa yana waje duk da sanyi. Da can Zahari ba ya fita da hunturu sai wannan ranar kaɗai, bai taɓa fashi ba. Ginka ta cusa wa kifin biki shinkafa da albasa ta sa a tanda ta ce ƙarfe ɗaya zai nuna, kada ya sa ta jira. Hazon teku ya kwana a gari, duwatsun daɓen lambu duk sun jiƙe. Lalyo, wanda da sanyi shayi yake sayarwa, ya goga takalminsa a ƙasa ya ce wa Zahari yau kam ka bar tumatirin a kai, ƙasa kamar an shafa mai. Zahari ya dubi jama'a, sun fi na kowace rana a shekara, yara a kafaɗun iyaye. Ya ce minti uku ne.

Ya jefa hula Lalyo ya cafe. Faranti ya hau, kofi ya hau, har shida, cokali ya shiga. Ya ɗora sukari a kan takalmi ya ɗan ja keke baya don ya cilla, taya ta zame.

Wanda duk yake wajen ya ga abin da ya yi. Daga can sama yake tahowa ta baya, yana da lokacin da zai kai hannu ya kare ƙeya ko ya juya ya sauka a kafaɗa, ko ɗan koyo haka zai yi. Shi hannuwansa gaba suka tafi, kofuna yake tarewa a iska. Da Lalyo ya iso kansa, kofuna huɗu suna rungume a ƙirjinsa ko ɗaya bai lotse ba, jini yana bin tsakanin duwatsu, Lalyo kuma yana tsaye da jar hula a hannu ya rasa inda zai ajiye ta. Lalyon ne ya hau hawa huɗun nan ya ƙwanƙwasa wa Ginka, ta buɗe da tsumman ɗaukar kifi a hannu ta ga hular a hannunsa ta gane.

Bai mutu ba. Likitoci sun cire wani yanki na ƙoƙon kan don ƙwaƙwalwa ta kumbura, wata uku yana kwance, sannan maƙwabta maza huɗu suka hau da shi a kujera. Tun ranar bai sauko ba. Ba ya magana, gefen dama ba ya motsi, Ginka in ta shigo yana kallonta kamar ma'aikaciyar asibiti. Likita ta ce tunda wurin ba ƙashi dole ya zauna da hula ko a cikin ɗaki, don haka jar hular nan tana kansa daga safe har a kwantar da shi, Ginka ke ɗaure masa kamar da. Lalyo yana zuwa ranar Lahadi ya kawo masara ya ajiye a bakin ƙofa, bai taɓa yarda ya shiga ba duk da Ginka ta ce masa ya shigo.

Abu ɗaya ne ya rage masa. In aka tura kujerarsa bakin taga sai ya kai hannun hagu ya riƙa taɓa kayan nan ɗaya bayan ɗaya, kofi shida, cokali, faranti biyar. In ya zo ƙarshe sai ya sake daga farko, sai ya kai hannu sama yana kankarar hular yana neman tsakar kansa, sai hawaye. Farantin farko ne babu. Ranar da ya faɗi mutane sun tsince komai sun kawo amma shi ya gangara cikin ƙafafu, wani ya ɗauka, wataƙila yaro, wataƙila baƙo ya tafi da shi garinsu. Ginka ta saya masa wani ta zauna da guduma ta yi ta bugu, ya shafa gindinsa sau ɗaya ya ture. Ta bi lambun nan ciyawa ciyawa da sanda har sau nawa, ta tambayi masu shara, ta manna takarda a sandar fitila ruwa ya wanke. Ta ce ta san ba zai warkar da shi ba, ita dai so take ya yini ɗaya bai yi kukan nan ba, don ta fara gajiya kuma ita ma ƙafafunta sun fara kumbura.

Farantin ƙarami ne bai kai tafin hannu biyu ba, farin ƙarfe, bakinsa da shuɗin layi da ya kusa gogewa, gindinsa a lotse ciki da tabon guduma ƙanana ƙanana, in ka ajiye shi a tebur ba ya zama daidai sai ya riƙa rawa, ba zai yi wa kowa amfani ba ko tokar sigari ba za ka zuba a ciki ba. In yana wajenka ba wanda zai tambaye ka komai, ka kai wa Bai Lalyo a gindin sandar fitila. In ba ya wajenka don Allah kar ka karanta ka wuce, tura wa duk wanda ka san ya zo Burgas bikin nan, su ma su tura gaba.