Giɓin da Ke Ƙashina

Abin da na fara lura da shi a bakin iyakar Jibiya burodi ne. Wata mata ta sauko daga motar Nijar da shi a hammata, dogo siriri, saura kaɗan ya kamo sandar da nake dogarawa. Na so in nuna wa wani mu yi dariya, amma Baba ya riga ya yi gaba yana neman inda waya za ta shiga.

Mun bar Katsina bayan sallar asuba, ni da shi, a kujerar gaba don kada a take mini ƙafa. Wata takwas ke nan da babur ya buge ni a hanyar makaranta, ƙashin ƙwaurina ya karye ya ƙi haɗewa. Likita ya ce sai an yi aiki, a ɗebo ɗan ƙashi daga ƙuguna a cike giɓin. Baba yana tsoron wuƙa. Sai aka ba shi labarin wani maɗori can wajen Maraɗi, wanda zai sake karya ƙafar ya yi sabon ɗori. Ba a tambaye ni ba, ni ma ban ce komai ba.

A hanya gero ya fara fitar da kai. Shingayen bincike kuwa, na yi ta ƙirgawa har na gaji. Ƙanen maɗorin ne zai zo ya tsallaka da mu, don haka Baba ya zaunar da ni a benci ƙarƙashin bishiyar bedi, ya saya mini awara mai yaji, ya tafi. Na ci ina kallon manyan motocin da ke layi, wata har an shanya wanki a jikinta. Ranar Laraba ce. Na san a lokacin 'yan ajinmu suna darasin lissafi, kuma wata ce a kujerata.

Wata mata mai tabarau, tana jiran a buga mata hatimi a fasfo, ta zauna kusa da ni. Ta dubi babban ambulan ɗin da na rungume.

"Ɗiyata, hoton ƙashi ne? Mu gani."

Ta ɗaga shi sama, hasken rana ya ratsa. Ta sa farce a kan baƙin wurin da ke tsakanin fararen ƙasusuwan biyu.

"Ƙashin na son haɗewa. Abin takawa ne babu."

Ta ce aikinta ke nan a ɗakin bincike na wata jami'a. A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zama komai ba. Su kuma suna haɗa wani abu mai kauri kamar kamu daga ƙananan guntayen furotin, masu kwaikwayon saƙar da ke cikin ƙashi. Idan ƙwayoyin suka hau kansa, sai su ɗauka gida suka zo, su fara zama ƙashi.

"Kin ga yadda soso ke bin danga? Mu dangar muke kafawa."

Na yi ta maza na tambaya ko ya warkar da wani.

"Ɓeraye dai tukuna," ta ce tana murmushi. "Mutane sai nan gaba. Amma ƙashin ƙugunki shi muke ta wahalar kwaikwayo, ke kuwa kina da shi."

Da na faɗa mata inda za mu, ta mai da hoton cikin ambulan. Can ta ce, "Babanki ya san abin da kike so?"

Na girgiza kai. Direbansu ya kira ta, ta miƙo mini hoton ta tafi. Ko sunanta ban tambaya ba.

Har la'asar ƙanen maɗorin bai zo ba, wayarsa a kashe. Baba ya ce mu koma, sai Asabar. Duk hanya ina tauna maganar a bakina, tana ƙin fita. Abin da na gane a tafiyar nan shi ne, wata takwas ana ta shawara a kan ƙafata, ni kaɗai ce ban sa baki ba.

Mun iso gida ana kiran magariba. Baba ya durƙusa a zaure yana cire mini takalmi, kamar yadda yake yi kullum. Kan nasa na kalla, don ba zan iya kallon idonsa ba.

"Baba, don Allah kada a sake karya ta. Ranar Asabar ka mai da ni wurin likita."