Kawu Bawa Sai Ya Ɗanɗana

Duk wanda ya zauna da Kawu Bawa ya san abu ba ya shiga gidansa sai ya fara bi ta bakinsa ko ta jikinsa. "Tsaya tukuna, sai na ɗanɗana." Maganarsa ke nan, safe da yamma. Irin gyaɗar da za a shuka sai ya tauna. Jiƙon da za a ɗura wa jakinsa ma sai da ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya ce a ƙara kanwa. Ranar da masu lambar rigakafi suka zo Malumfashi, ture yara ya yi ya miƙa nasa damtsen, alhali tabon wadda aka yi masa yana saurayi na nan ɓaro-ɓaro.

Kun tuna labarin keke? Ya je Funtua bayan an sayar da auduga, ya ga wani baƙin keke ya ce bari ya ɗanɗana. Mai kekuna ya zaci ɗan zagaye zai yi ya dawo. Ina! Kawu sai Malumfashi. Washegari ya dawo ya tarar da bawan Allah ya yi zuru-zuru.

"Haba Baba! Ina ka shiga? Har na ɗauka an yi gaba da shi!"

"Yo ai gida zan riƙa zuwa da shi, ba ƙofar shagonka ba. Keken ya yi. Sirdin ne da tauri, a canza."

To, ni ma haka aka ɗanɗana min makaranta. Mahaifiyata ƙanwarsa ce. Ta rasu ina ƙarami, ya ɗauko ni ya haɗa da 'ya'yansa. Ina da in'ina mai tsanani, kalma ɗaya sai na yi ta dukan ƙasa da ƙafa kafin ta fito. Yara suka mai da ni abin wasa, ni kuma na rufe bakina ruf. Ga shi baɗi za a sa ni elementare. Kawu ya ce wa matarsa, Inna Delu, idan aka jefa ni cikin wannan taron yara a haka, to na zama bebe ke nan. Sai an samo min wurin lesin na yamma, inda bakina zai fara buɗewa. Amma fa sai ya ɗanɗana.

Wuri na farko na wani tsohon malamin makaranta ne a bayan kasuwa, da bulalarsa rataye a ƙusa. Kawu ya bar ni a waje, ya shiga ya miƙa tafin hannu.

"Zuba min ɗaya, Malam."

"Subhanallahi! Ina ni ina dukanka, Baba?"

"Zuba dai."

Malam ya ɗan shafa masa ita a hankali. Kawu ya girgiza kai. "A'a, wannan ta baƙi ce. Irin wadda na jiyo tun daga bakin rijiya nake so." Ya fito, muka hau keke.

Wuri na biyu babu bulala, sai waƙoƙin Turanci da tafi. Kawu ya naɗe babbar riga ya zauna a benci tsakanin yara, gemu fari fat. Aka zo kansa, aka ce ya ce "bawa". Sai ya fara: "Ba... ba... ba..." Wallahi ni da nake leƙe ta taga sai da na ji kamar bakina aka ara. Yara suka kwashe da dariya, ticha ma ya dara, ya ƙarasa masa kalmar ya wuce na gaba. Kawu ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Sunana ne fa, Ticha. Da ka jira, da na iso."

Da labari ya kai gida, Inna Delu ta riƙe haɓa. "Malam, da girmanka! Gari ya ɗauka ka zautu."

"Bar su. Gara su yi min dariya da su yi wa yaron nan."

Wuri na uku zauren wani Bayarabe ne mai sayar da atamfa. 'Yarsa Sikira ke koyar da yaran unguwa, haifaffiyar Malumfashi, Hausa a bakinta kamar ta Inna Delu. Kawu ya ɓoye ni a bayan katanga, ya shiga ya zauna a tabarma ya sake wasansa. "Ba... ba... ba..." Wani yaro ya fara ƙyalƙyala, ta ɗaga masa yatsa ɗaya, ya haɗiye. Ba ta ƙarasa wa Kawu ba, ba ta kau da kai ba. Ya ja abin, ya ja, har shi kansa ya gaji ya saki kalmar.

Ta ce, "Madalla, Baba. To, yanzu a shigo min da mai abin. Tun ɗazu nake hango ƙafarsa."

A wannan zauren na fara faɗin sunana har ƙarshe ba wanda ya tare ni. Ranar Kawu bai hau keke ba, tura shi ya yi muna tafe, wai kada iska ta kwashe abin da nake gaya masa.

A ciwonsa na ƙarshe harshensa ya yi nauyi, wannan karon da gaske. Masu dubiya kowa sai ya yi saurin ƙarasa masa magana don tausayi, shi kuwa ina ganin abin yana ƙona masa rai. Na matsa kusa na zauna na yi shiru. Ya daɗe yana kokawa, ni kuma na jira, domin a wajensa na koya. Da kalmomin suka fito, cewa ya yi, "Kada... ku yi... gaggawa. Bari in je... in ɗanɗana muku tukuna." Na yi dariya, hawaye na zuba.

Ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙan Kawu Bawa, Ya yafe masa kurakuransa. Allah Ya sa abin da ya je ya ɗanɗana ya fi zuma daɗi, Ya ajiye mana wuri kusa da shi. Amin.