Gafakar Alaramma a Jirgin da Ya Cika

Har gobe ba zan manta da ranar da aka kusa sauke wani tsoho daga jirgin samanmu mai zuwa Legas ba. Ku sababbin shiga ku matso ku ji, don wannan ba a koya muku shi a makarantar horo ba.

Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciya. A tsarinmu, shugabar ma'aikatan cikin jirgi ce ke yin sanarwa da Turanci, ni kuma in bi ta da Hausa, tunda ni ce 'yar Kabara ta cikin birnin Kano. Shugabarmu a ranar Anti Rabi ce, mace mai kirki, amma ba ta wasa da agogo. An soke jirgin yammacin jiya, aka haɗa fasinjojinsa da na safe, ga azumi ya gabato, 'yan kasuwa kowa da ƙullinsa. Ko kujera ɗaya ba ta rage ba.

Sanarwar cikar jirgi haddace ta muke yi: kowa ya zauna a lambarsa, babbar jaka a lokar sama, ƙarama a ƙarƙashin kujerar gaba, wadda ta rasa wuri a manna mata lamba a kai ta ƙasan jirgi. Na faɗa, na maimaita. Wa ya ji? Kun dai san mutanenmu. Wani ya tsaya a tsakiyar hanya yana gaisawa har da tambayar mutan gida, wata tana cusa kwalin kilishi kamar da gayya. Kafin a gama shiga, lokoki sun cika maƙil.

Can a ƙarshe wani dattijo ya shigo, rungume da gafaka, wato jakar fatar da ake ajiye Alƙur'ani. Na san fuskarsa, alaramma ne a Goron Dutse. Ina ganin gafakar na san sanarwata ba ta da amfani a kansa. Wa zai tura Alƙur'ani ƙarƙashin mazaunin mutum, kusa da takalma? Wa zai yarda a kai shi ƙasa a jibga masa akwatuna?

Na rusuna na gaishe shi, na ce, "Allah gafarta Malam, sama ta cika."

Ya ce, "Ba komai, 'yar nan, a ƙirjina zan riƙe. Da hannuna na rubuta shi, da ka. Malamina ne yake kwance a Agege, can Legas, ya aiko in kai masa ya gani tun yana da sauran numfashi."

To ga inda gizo ke saƙar. Doka ta hana riƙe abu mai nauyi a cinya lokacin tashi da sauka, don in jirgi ya yi girgiza zai iya suɓucewa ya fasa wa wani kai. Gafakar nan kuwa takarda ce mai kauri tsakanin katako biyu, da ƙyar na ɗaga ta. Kuma wanda ya riga ya sa jakarsa a sama, ba ka cire masa da ƙarfi, sai dai ka sayi rigima.

Anti Rabi ta iso tana duba agogo. Ta ja ni gefe ta ce, "Binta, ni ma Musulma ce, abin yana taɓa ni. Amma kyaftin ya ce in ba a rufe ƙofa yanzu ba mun rasa layin tashi. Ko a kai ta ƙasa, ko ya sauka."

Ashe tsohon ya ji. Ya miƙe a hankali, ya gyara rungumar gafakarsa, ya ce, "Kada ku yi faɗa saboda ni. Ku ba ni hanya, na bi mota."

Mota! Kano zuwa Legas, tsoho kamar wannan, ga wanda za shi wurinsa rai a hannun Allah. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, wallahi tsohon nan ba zai sauka ba, sai dai mu sauka tare.

Na ce, "Anti, ba ni abin maganar."

"Me za ki ce? Babu wannan a sanarwarmu."

"Ki ba ni dai. In ta ɓaci, ki kai ƙarata."

Ta miƙo min. Na yi sallama, na ce, "Iyayena da yayyena, jirgi ya cika, ba sai na faɗa muku ba. Ga dattijo nan tsaye da Alƙur'ani rubutun hannunsa, zai kai wa malaminsa da ke kwance ba lafiya. Ba zai sa shi a ƙarƙashin kujera ba, ku ma ba za ku sa ba. Jaka biyu kawai nake nema a sauke a kai ƙasa. In ba a samu ba, yanzu za a fitar da shi a kan idonku."

Kowa ya san wahalar jiran kaya a Legas, ga tsoron fashewar kaya. Masu kallon taga suka ƙara kallon taga. Ni kuwa na ƙi ajiye abin maganar. Na ce, "Alhaji mai farar hula, akwati biyu ka sa, ina kallonka tun ɗazu."

Aka tuntsire da dariya. Kafin Alhajin ya buɗe baki, wata Hajiya mai jiki ta miƙe. "Ke 'yar nan, sauke tawa. Kwalaben turaren wuta ne a ciki, in sun fashe Allah Ya sa a mizani." Alhaji ya ga mace ta riga shi, ya tashi yana cewa ai daman niyyarsa ke nan. Sai ga hannuwa ta ko'ina, har sai da na ce ya isa haka.

Hajiyar ta ciro sabon gyale ta shimfiɗa a lokar. Alaramma ya yi bisimilla ya ɗora da kansa, na rufe. Anti Rabi ta rufe ƙofa, muka tashi a layinmu. Da muka zauna ta matse min hannu.

A Legas na hango shi tsaye a wurin karɓar kaya. Na ce, "Baba, ai ba ka da kaya a ƙasa, ka yi sauri."

Ya ce, "Mutanen nan saboda ni suke tsaye. Sai nasu ya fito." Hajiya ta yi ta korarsa, ya ƙi motsawa.

Bayan 'yan kwanaki ya hau jirginmu na dawowa, hannu rabbana. Na tambaye shi jikin malam. Ya ce, "Na same shi, 'yar nan. Shi yake buɗewa, ni ina karanta masa. Ba mu kai ga sauke Alƙur'anin ba Allah Ya karɓi abinsa, amma ya gani." Na shige ɗakin haɗa shayi na yi kukana, na wanke fuska na fito.

Don haka ku haddace sanarwarku, kuma kada ku sassauta doka don kowa, rayuka ne a hannunku. Amma mutanenmu ba a tura su da umarni. Faɗa musu gaskiyar abin da ke faruwa, da bakin da suke ji, ki tsaya a kai kada ki ajiye abin maganar. A cikinsu akwai wadda za ta miƙe.