Takardar Da Na Manna A Ledar Gahawa

A lokacin ina ɗan shekara hamsin da 'yan kai, ina zaune a unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira da iyalina, ina aikin sito a wani babban shagon shan gahawa da ke unguwar Ma'adi, irin masu rassa a ko'ina cikin Alƙahira. Karatuna na allo ne da ɗan abin da ba a rasa ba, Turanci kuwa ba na karanta shi. Aikina shi ne idan an kawo manyan buhunan gahawa soyayyiya, in zuba a ƙananan ledoji, in manna takarda mai kwanan watan ranar. Wani buhun sai ya yi wata huɗu a sito kafin in buɗe shi. Na taɓa tambayar manaja, ya ce wannan ranar zubawa ce, doka ta yarda, kuma gahawa ba nono ba ce da za ta lalace. Na yarda. Amma ina jin masu saye suna duba takardar suna cewa tamam, wannan sabuwar suya ce, ban taɓa cewa uffan ba.

Akwai wata 'yar maƙwabcina, Bahaushiyar Sudan, mijinta ya rasu ya bar mata yara uku. Ni na roƙa aka ɗauke ta aikin haɗa gahawa. Ita a gidan da ake soya gahawa a kasko ta tashi, da hanci take gane kwananta. Wata rana wani dattijo da ke saye kullum ya tambaye ta ko gahawar suyar wannan makon ce, ta shinshina ledar ta ce masa a'a, wannan ta kwana biyu. Ya kai ƙara. Manaja ya kira mu ofis, ya ce ta ɓata sunan shago, sannan ya tambaye ni a gabanta ko gahawar tsohuwa ce. Da na faɗi gaskiya, wataƙila da an bar ta. Sai na ce ni abin da ke kan takarda na sani.

Ta dube ni ta ce, "Kawu, ai hannunka ne ya manna takardar."

A ranar aka sallame ta.

Har yau kaina a ɗaure yake. Kwanan watan da na manna ba ƙarya ba ne, babu kuma wanda ya sha ya kwanta ciwo. Na tambayi ɗaliban addini biyu bayan sallar Juma'a, ɗaya ya ce algus ne, ɗaya ya ce laifin na masu shago ne, na dawo gida ban san na wa zan ɗauka ba. Abin da na sani shi ne na ɓuya a bayan takardar da ni na liƙa, mace mai marayu ta rasa abincinta.

Yanzu tana sayar da gahawa a bakin layinmu, tana soyawa kan gawayi a gaban kowa. Kullum na wuce sai ta gaishe ni ta miƙo mini kofi, ni kuwa na kasa buɗe baki in nemi gafara. Ina kira ga duk mai aikin manna wa kayan mutane takarda, ya tambayi abin da mai saye zai fahimta da ita, kuma idan an tambaye shi a gaban wanda ya faɗi gaskiya, kada ya yi irin tawa. Shekara shida ke nan ina karɓar kofin nan, ban taɓa iya shanye shi a gabanta ba.