Malam Hadi ya ce kada a ɗaga shi

Shekara huɗu da wata bakwai rabona da Karaye. Yau da safe ina buɗe shagon maganin da nake wa aiki a nan Fatakwal, yayata Hajara ta kira ni ta ce Malam Hadi ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban gama sauke waya ba sai ga saƙon murya daga ƙanina Nafi'u. Magana ɗaya ce a ciki: "Yaya, kai ka san aikin lafiya. Don Allah ka gaya min gaskiya, ni na kashe shi?"

Har yanzu ban ba shi amsa ba, domin raina a ɓace yake.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Hadi shi ya koyar da mu Bayoloji a sakandare. Shi ya fara lura ba na ganin allo. Bai tona ni a gaban aji ba, cewa kawai ya yi yana son mai goge masa allo a benci na gaba. Da haka na koma gaba har na gama makaranta.

Ranar da zai koya mana jijiyoyi, sai ya biya wajen mahauta ya karɓo ƙasusuwan wuyan rago, ya wanke, ya zura musu igiyar rama ta ramin tsakiya. Ya ce igiyar nan ita ce laka. Daga ƙwaƙwalwa ta sauko, ta bi ta cikin ƙashin wuya da na baya, jijiyoyi suna tsirowa daga jikinta zuwa hannu da ƙafa da ko'ina. Umarnin motsi ta nan yake sauka, labarin zafi da sanyi ta nan yake hawa. Har jijiyar da ke ja mana numfashi daga wuya take fitowa.

Sai ya goce ƙashi ɗaya kaɗan, ya murɗa. Muna kallo igiyar ta matse.

"Ƙashi yana ɗoruwa," in ji shi. "Laka ba ta ɗoruwa. Wanda ya faɗi ya ce wuyansa, ku bar shi yadda kuka same shi."

Duk ajin da ya wuce ta hannunsa ya ga igiyar nan. Nafi'u ma ya gani.

To ga abin da Yaya Hajara ta faɗa min, kuma na kira mutum biyu da suke wurin suka tabbatar.

Ranar Talata da hantsi Malam yana dawowa daga gonarsa ta wajen Ruwan Bago, da buhun gyaɗa a bayan mashin. Tayar gaba ta fashe, ya wuntsila cikin kwari a gefen hanya. Bai suma ba. Yana magana, yana motsa yatsun hannu da na ƙafa. Mutane suka taru, rabinsu ɗalibansa ne. Ya ce musu wuyansa ne, kada kowa ya ɗaga shi. Ya ce a ciro ƙyauren ƙofa, mutum ɗaya ya tallafe kansa kada ya motsa, a nemo mota.

Wani dattijo a wurin ya ce buguwa ce ta ruɗa shi. Ya ce ina aka taɓa ganin malami kwance a ƙasa, hularsa can gefe, mata suna wucewa, ɗalibansa kuma sun tsaya sun zuba masa ido. Ya ce ba su da kunya ne?

Kunyar ce ta kama su.

Nafi'u ya sa hannu ta hammata ya zaunar da shi. Wani ya kama kan ya ja, wai don wuya ya koma mazauninsa. Wani ya kakkaɓe masa riga ya mayar masa da hula. Suka ɗora shi a wani mashin, mutum a gaba mutum a baya, suka bi hanyar nan mai gargada zuwa gidan mai ɗori.

Kafin su isa ƙafafu sun daina amsawa.

Zan faɗi gaskiya a kan mai ɗorin, don na ga wasu sun fara zaginsa. Ko taɓa shi bai yi ba. Da ya ji labari, cewa ya yi wannan ba aikinsa ba ne, a shimfiɗe shi a miƙe a wuce da shi asibiti Kano. Ya fi masu takardar sakandare da suka kawo shi hankali.

Kwana uku Malam ya yi a asibitin, numfashinsa yana ja baya, yau ya cika.

Tun safe nake karanta abin da mutane ke rubutawa a shafukan sada zumunta. Kwana ne ya ƙare. Haka Allah Ya ƙaddara. Na yarda, ni ma Musulmi ne, ba wanda zai wuce lokacinsa. Amma kada mu fake da wannan mu rufe zancen. Mutum yana kwance yana faɗa muku da bakinsa abin da za ku yi, kuka ce ya ruɗe. Girman da kuka ba shi ya kai ku mayar masa da hula, bai kai ku ji maganarsa ba.

Ina kuma jin haushin cewa a duk tsawon hanyar nan babu motar asibiti da za a kira ta zo. Da akwai, wataƙila da dattijon ya yi haƙuri.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Ganina da Malam na ƙarshe a tasha ne, ranar da zan taho. Ya miƙo min ƙullin soyayyar gyaɗa ta tagar mota, ya ce in na dawo hutu mu tara masu acaba a inuwar tasha mu nuna musu yadda ake ɗaukar wanda ya faɗi. Ya ce shi ya tsufa, in ya yi magana gaisuwa suke ba saurare ba, amma ni tsaransu ne.

Na ce in sha Allah, Malam, da Sallah.

Sallah nawa aka yi tun daga nan, ku lissafa da kanku.

Kuma na tambayi kaina, da ni ne a bakin kwarin nan, dattijo sa'an babana yana ce min mara kunya a gaban jama'a, zan iya tsayawa in ce a'a? Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Yaya Hajara ta ce Nafi'u bai sa komai a bakinsa ba tun Talata, kuma da ƙyar aka fito da shi zuwa jana'iza. Na ambaci sunansa ne don gari duk ya riga ya sani.

In na gama rubutun nan zan kira shi. Ba zan ce masa ɗagawar ba ta yi komai ba, don ƙarya ne, kuma ya san ƙarya ne. Zan ce masa ba wanda ya san iya ɓarnar da faɗuwar ta riga ta yi, amma zaunar da shi da jan kan sun ƙara, kuma hannunsa yana ciki. Zan ce masa bai yi niyyar cuta ba, Allah Ya sani. Sannan in ce ya tashi ya ci abinci, ya je gidan Malam ya zauna a zaman makoki kamar kowa. Taron masu acaban nan da na kasa yi, shi zai yi, don shi za su saurara yanzu.

Allah Ya jiƙan Malam Hadi, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri.

Wanda ya karanta ya sa Malam a addu'a. In da hali ku haɗa da Nafi'u.