Wutsiyar jirgi a wayar Baban Hanifa

Wayar maigida na ɗauka zan tura wa Inna hoton Hanifa, sai na ci karo da hotuna birjik: nan fiffike, can wutsiya, can taya guda. Duk na jiragen soja ne, babu cikakke ko ɗaya.

Duk mako yana garin Dapaong can arewa sayen shanu, kun kuma san yadda tsaro yake a arewa yanzu. Ni da littattafai suka cika wa kai, kafin ruwan shayi ya tafasa har na hango kaina ina kai masa tuwo kurkuku.

Na ajiye wayar a gabansa. "Baban Hanifa, don girman Allah, wa kake yi wa leƙen asiri?"

Ya duba, ya fashe da dariya. "Wannan? Ai jirgin nan ya girmi Baffanki! Wasa ne a guruf ɗinmu na waya. Wani ya yanko ɓangaren jirgi daga tsohuwar mujalla, mu kuma mu faɗi sunansa. Dubi tagar nan mai kusurwa, ita ta tona shi."

"To, ka ci?"

"Wani tela a Tchamba ya riga ni. Kwana uku ke nan abin yana ci mini rai."

Alhamdulillahi, sai a lokacin na ji yunwa. Amma na tsaya a kansa har ya goge su tas, don sojan da ke shingen hanya ba mujalla zai tambaya ba.

Matan Sokodé, wane wasan mazajenku ne ya taɓa tsinka muku zuciya haka?